Rediyo Mai Sola da Katin Darussan Ta'aziyya: Abin da Na Gani Bayan Wata da Watanni

Abin da zan yi bayani a kansa ƙaramin rediyo ne mai caji da hasken rana, wanda tsawonsa bai fi tafin hannun babban mutum ba, ana kuma sayar da shi haɗe da katin memori a wani kantin littattafan Kirista da ke Sabon Gari a birnin Kano. A cikin katin an zuba karatun Sabon Alkawari da Hausa, da Zabura, da littafin Ayuba, da waƙoƙin sujada kaɗan, sa'an nan da darussa goma sha huɗu a kan ta'aziyyar mai bi a lokacin rashi, kowanne kimanin rabin sa'a. Mai koyarwar fasto ne na ikilisiyar da ke bin tafarkin Jon Kalbin, wani babban malamin tauhidin Kirista na ƙarni na goma sha shida. Kuɗin da na biya ya yi daidai da tiya shida ta gero a farashin wancan lokacin, kuma rediyon ya yi wata da watanni ana jin sa a gidana da gonata, saboda haka ina ganin na san shi sanin da zai ba ni damar faɗar alherinsa da gazawarsa.

Ni malamin firamare ne, ina kuma noma a wani ƙauye na ƙasar Sumaila, kuma a ikilisiyar ECWA na tashi kamar yadda mahaifina ya tashi. Autarmu ta rasu a watan Agusta, a tsakiyar damina, tana da shekara biyu da wata bakwai. Zazzaɓi ya kama ta ranar Talata da yamma, muka ba ta maganin da ke gida, na ce wa mahaifiyarta mu bari gari ya waye. A daren aka kwana ana ruwa, rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya tumbatsa, sai ranar Alhamis da hantsi na sami mai babur da ya yarda ya haye da mu. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ba ta kai la'asar ba.

Kwana bakwai muna zaune a kan tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar gida, mutane suna zuwa, Musulmi da Kirista, kowa ya durƙusa ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Wasu su ƙara da cewa kwananta ne ya ƙare, wasu su ce haka Allah ya so. Ban taɓa musun wannan magana ba, kuma har gobe ina bin maƙwabtana bashin godiya, domin su ne suka haƙa kabarin, matansu kuma suka yi ta aiko da kwanukan tuwo har muka rasa inda za mu ajiye. Amma a cikin zuciyata yardar da na yi cewa Allah ne ya yi ba ta sanyaya mini komai ba. Ta zame mini kamar hukuncin alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a gabansa: na sunkuyar da kai, na yi shiru, amma ba na son haɗa ido da mai hukuncin. Na yi wata biyu ina zuwa sujada ba na iya buɗe baki a waƙa. Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya lura, ya ce mini in na shiga birni in nemi wannan rediyo.

Game da na'urar kanta maganar ba ta da tsawo. Lasifikarta tana da ƙarfi, ana jin ta daga wannan kunya zuwa kunya ta goma idan an rataye ta a reshe, kuma idan batirin ya cika yana kai wa daga magariba har tsakar dare. Akwai 'yar tocila a gefe wadda ta yi mana amfani fiye da yadda na zata. Faifan solar kuwa ƙarami ne, ba ya cika batirin a ranar da hadari ya rufe sama ko lokacin da hazon hunturu ya yi kauri, sai dai a kai wa mai cajin waya. Babban aibinsa shi ne ba ya tuna inda aka tsaya: idan aka kashe shi a tsakiyar darasi na tara, sai ya koma Matiyu sura ta ɗaya, mutum ya yi ta danna maɓalli yana ƙirge har ya iso, tun da babu allon da ke nuna lamba. Haka kuma duk lokacin da aka kunna shi sai wata murya ta yi sanarwa da Turanci da ƙarfi, abin da ba shi da daɗi a ɗakin da ake makoki da dare. Ramin katin ma ya yi sako-sako bayan wata huɗu, na manne shi da salatif.

Darussan su ne dalilin wannan rubutu. Na farko ya buɗe da tambayar farko ta Katikisim na Haidelbag, wanda aka wallafa a ƙasar Jamus a shekarar 1563, mai tambayoyi da amsoshi 129 da aka rarraba a kan Lahadi 52 na shekara. Mu 'yan ECWA ba mu tashi da shi ba, domin ikilisiyarmu ta fito ne daga aikin mishan na SIM, yayin da wannan katikisim ya fi zama a hannun ikilisiyoyi irin su CRCN a Taraba. Tambayar tana neman mutum ya faɗi ta'aziyyarsa guda ɗaya tak a rayuwa da mutuwa, amsar kuma ita ce ni ba mallakar kaina ba ne, jikina da raina na Mai Cetona Yesu Almasihu ne, wanda yake kiyaye ni har gashi ɗaya ba zai faɗi daga kaina ba sai da nufin Ubana na sama. Faston ya daɗe a kan kalmar mallaka. Ya ce mai rashi yakan ce an ɗauke masa nasa, kuma gaskiya ne, amma kafin yaron ya zama naka na wani ne, kai ma kanka na wannan Mai shi ne, saboda haka mutuwa ba ta fitar da kowa daga gidan Mai shi ba. A karon farko da na ji wannan ban ji daɗinsa ba, na kashe rediyon. Bayan kwana uku na sake kunnawa.

Darasi na uku ne ya juya mini tunani, kuma a gona na ji shi, ina yankan dawa. Ya karanta tambaya ta 27, wadda ke bayyana yadda Allah yake riƙe da halitta yana bi da ita, inda aka jera ganye da ciyawa, ruwan sama da fari, shekarar albarka da shekarar ƙunci, ci da sha, lafiya da ciwo, wadata da talauci, aka ce babu ɗayansu da ke zo mana da katari, duka daga hannunsa na Uba suke zuwa. Duk manomin da ya taɓa tsayawa yana duban gabas a ƙarshen Yuni, shuka tana lanƙwashewa, ya san waɗannan abubuwa ba a littafi ba. Abin da faston ya matsa a kai shi ne kalma ta ƙarshe. Ya ce mutanen ƙasar nan ba su da ƙarancin yarda da ikon Allah, ko yaro ya san cewa abin da Allah ya hukunta ba makawa, amma iko kaɗai ba ya share hawaye, sai an san hannun wane ne. Ya kawo Matiyu 10, inda Yesu ya yi zancen gwara biyu da ake sayarwa kobo, ya nuna cewa Ubangiji bai ce gwara ba za ta faɗi ba, ya ce ba za ta faɗi ba tare da Ubanku ba. Na ajiye lauje na zauna a kan kunya. Wata biyu ina ɗauke da rabin gaskiya, wato cewa Allah ne ya yi, rabin da ya rage kuwa, cewa wanda ya yi ɗin shi ne ya ba da Ɗansa domina, na san shi a ka tun ina makarantar Lahadi amma ban taɓa haɗa su wuri ɗaya a kan kabarin 'yata ba.

Na yaba wa mai koyarwar da bai gabatar da Kalbin kamar wani dutse marar zuciya ba, yadda wasu suke kwatanta shi. Ya ba da tarihinsa a taƙaice: an haife shi a Noyon ta ƙasar Faransa a 1509, ya yi yawancin aikinsa a Janiba, ya rasu a can a 1564. Ɗansa da aka haifa a 1542 bai daɗe a duniya ba, matarsa Idelette kuma ta rasu a 1549 bayan doguwar jinya, bai sake aure ba. A wasiƙar da ya aika wa abokinsa Viret bayan rasuwar jaririn, ya amsa cewa Ubangiji ya yi musu rauni mai tsanani da ɗaci, sa'an nan ya ce amma shi ma Uba ne, ya kuma fi kowa sanin abin da ya dace da 'ya'yansa. Abin da ya kama ni shi ne bai rage wa raunin suna ba. Ya kira shi rauni, ya faɗi wanda ya yi shi, ya kuma kira wannan ɗin Uba, duka a numfashi ɗaya.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin zaman makoki, har mai ɗakina, wato maganar yammacin Talata. Da na ɗauki yarinyar a lokacin, kafin ruwa ya sauko, da mun isa asibiti da kwana biyu a hannu. Duk wanda ya ce mini kwananta ne ya ƙare, sai wata murya a cikina ta ce kai ne ka ƙarar da shi. Na shiga darasi na shida ina tsoron ɗayan abu biyu, ko dai a wanke ni da ƙarya a ce ba ruwana tun da an riga an rubuta, ko kuma a ɗora mini dukan nauyin. Faston bai yi ko ɗaya ba. Ya fara da Yusufu a Farawa 50:20, inda 'yan'uwansa suka nufi mugunta Allah kuwa ya nufi alheri a cikin aiki guda, ya wuce zuwa wa'azin Bitrus a Ayyukan Manzanni 2:23, inda aka ce an ba da Yesu bisa ga ƙaddararren nufin Allah amma duk da haka an tuhumi waɗanda suka kashe shi. Daga nan ya ce wa mai sauraro, idan akwai sakaci a wurinka, kada ka ɓoye shi a bayan ƙaddara, ka kai shi gaban Allah da sunansa, akwai gafara. Amma kada ka ɗauka cewa sakacinka ya fi ƙarfin hannun Allah har ya fizge yaron daga ciki, domin Zabura 139:16 ta ce kwanakin an rubuta su tun babu ko ɗaya. Ya rufe da Maimaitawar Shari'a 29:29, cewa asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana kuwa namu ne mu aikata.

A wannan darasin ne kuma ya yi gargaɗin da nake so kowane uba a karkara ya ji. Ya ce Kalbin, a babban littafinsa na koyarwar bangaskiya wanda ya fara fitowa a 1536, ya koyar cewa Allahn da ya sa wa ranmu iyaka shi ne ya danƙa mana kula da shi, ya kuma ba mu hanyoyin yin haka, don haka wanda ya ƙi magani yana cewa ya dogara ga Allah, kyautar Allah ya raina. Daga ranar na daina wasa da gidan sauro, kuma da ma'aikatan lafiya suka zo da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina, ni da kaina na zagaya da su gidajen unguwarmu. A daren da na ji darasin na gaya wa mai ɗakina abin da ke cina. Ta yi shiru mai tsawo, sa'an nan ta ce, "Malam, ni ma ai ban matsa maka ba." Ashe kowannenmu yana ɗauke da kaya iri ɗaya, yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Ita damuwarta ta fi karkata ga inda yarinyar take. Ta taɓa jin wani yana cewa masu koyarwar zaɓe, wato cewa Allah ne yake zaɓen waɗanda za su sami ceto, suna jefa jarirai a wuta, shi ya sa da fari ba ta son rediyon ya shiga ɗakinta. Darasi na bakwai ya amsa wannan kai tsaye. Ya kawo matsayar babban taron ikilisiyoyi da aka yi a garin Dot na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, taron da ake ɗauka shi ne ya fi tsanantawa a kan koyarwar zaɓe, ya nuna cewa a babi na farko, sashe na 17, sun rubuta cewa iyaye masu tsoron Allah kada su yi shakkar zaɓe da ceton 'ya'yansu da Allah ya kira suna ƙanana, ba don halin yaran ba, sai don alkawarin alheri da ya haɗa su da iyayensu. Ya haɗa da maganar Dawuda a 2 Sama'ila 12:23, cewa shi zai tafi wurin yaron, yaron ba zai komo wurinsa ba. Tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da aka kai wannan wuri. Ta dakata, rariya a hannu, ta ce in mayar baya. Saboda aibin da na ambata sai da muka sake jin darasin tun daga farko, kuma ba ta tashi ba har ya ƙare. Washegari ta ciro kayan yarinyar daga ƙasan akwati, ta wanke, ta ba ƙanwarta mai goyo.

Duk da haka akwai wuraren da ban gamsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. Darasi na takwas, a kan Romawa 8:28, inda aka ce komai yana aiki domin alherin masu ƙaunar Allah, ya yi gaggawa. Faston ya jero labaran mutanen da suka yi rashi sa'an nan daga baya suka ga amfaninsa da idonsu, wannan ya sami aikin da ya fi, wancan danginsa suka tuba. Ban ce ba ya faruwa ba, amma mai sauraro zai iya fita da tunanin cewa wajibi ne ya gano ribar mutuwar ɗansa kafin ya sami salama, alhali Ayuba, wanda littafinsa ke cikin katin nan, har ƙarshe ba a gaya masa dalilin abin da ya same shi ba. Aya ta 29 ma ta fassara alherin da ake nufi, wato a mai da mu kamannin Ɗan, ba lallai a mayar mana da abin da ya tafi ba. Ni ban ga wata riba da zan auna da 'yata ba, kuma ba na neman ta. Da faston ya tsaya inda ya tsaya a darasi na uku, da ya fi.

Darasi na goma da na sha ɗaya kuwa ba wurinsu ba ne. A nan ya bar mai makoki zaune ya shiga muhawara da mabiyan Arminiyus, malamin da ya saɓa wa koyarwar zaɓe ta Kalbin, a kan rukunai biyar na koyarwar Kalbin, muryarsa ma ta sauya ta koma ta mai kare matsayi. Maganganun suna da muhimmanci a ajin makarantar Littafi Mai Tsarki, amma gwauruwar da ta binne mijinta makon jiya ba wannan take bukata ba. Haka nan kuka bai sami rabonsa ba. Darasi ɗaya kawai aka ba shi, na sha biyu, inda aka taɓo hawayen Yesu a kabarin Li'azaru da Zabura 88, wadda take ƙarewa cikin duhu ba tare da juyowa ga yabo ba. Wannan darasi ya kamata ya zo a farko, domin a garuruwanmu ana saurin hana mai rashi kuka, a ce masa kuka rashin bangaskiya ne. Faston kuma ya yi ta ambaton littafin Makoki alhali ba a sa shi cikin katin ba.

Sai maganar harshe. Hausar faston ta mutanen kudu da mu ce, yakan ce "ya" a inda Bakano zai ce "ta", yakan kuma jefa kalmar Turanci a inda muke da tamu. Ni wannan bai hana ni fahimta ba, amma mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba, takan tambaye ni abin da yake nufi. Karatun Littafi Mai Tsarki da ke katin ya fi tsabta nesa ba kusa ba, sai dai an ɗauki sautinsa ƙasa da na darussan, dole a riƙa ƙarawa ana ragewa. Babu kuma muryar mace ko ɗaya a cikin darussan, ga shi kuwa mata ne suka fi zama da rediyon, su ne kuma suke kwana da gawa su tashi da marayu.

Wanda zai saya don kansa, shawarata ita ce ya fara da darasi na sha biyu, ya dawo na ɗaya, ya bi har na bakwai, sauran ya bar su sai zuciya ta kwanta. Wanda zai saya don ya kai wa mai rashi kuwa, kada ya kai a kwanakin zaman makoki, kada kuma ya miƙa ya juya kamar ya sauke nauyi. Dattijon da ya nuna mini shi yakan zo bayan sallar isha'in maƙwabta, lokacin da gari ya yi tsit, ya zauna mu ji rabin darasi tare, wani lokaci ya tafi ba mu ce wa juna komai ba ban da sai da safe. Na gaya wa mai kantin maganar lambobin darussa da ramin katin, ya ce zai isar wa masu haɗawa.

Yanzu haka rediyon yana gidan wata 'yar zumuntar mata da mijinta ya rasu bayan Ista, ɗanta ne yake danna mata maɓallin yana ƙirgawa. Mai ɗakina ta ce in karɓo shi kafin Agusta ta kama, tana so mu sake jin darasi na bakwai a ranar da yarinyar za ta cika shekara da rasuwa. Na riga na ware tiya shida daga geron da ya rage a rumbu domin in sayo na biyu idan na shiga Kano karɓar albashi, don kada mu karɓe na hannun matar tun ba ta gama da shi ba.